Madubin da Ke Bayan Inji

Akwai wani magidanci a wani gari, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana aiki a ma'aikatar ruwa. Mutum ne mai hannu. In famfo ya lalace a unguwa, shi ake kira. In janareton majami'a ya ƙi tashi ranar Lahadi, shi ne zai tuɓe babbar riga ya durƙusa, kafin mawaƙa su gama waƙa ta biyu wuta ta dawo. Yakan ce tun da yake, bai taɓa gamuwa da injin da ya gagare shi ba. Mutane kuwa ba sa musa masa, gama gaskiya yake faɗa.

Da ya yi ritaya, sai zaman gida ya ishe shi. Ya tashi ya sayo wani inji da ya daɗe yana kallonsa a waya, wanda ake kira leza. Akwati ne na ƙarfe mai murfi, girmansa ya kai babbar firiza. Ba shi da zarto, ba shi da wuƙa. Da haske yake yanka katako da fata, da haske kuma yake rubutu a kansu. Hasken yana fitowa daga wani dogon bututun gilashi da ke kwance a can baya. Yakan bugi madubi na farko ya juya zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, sa'an nan ya sauka a kan katako ta wani ɗan baki mai tsini wanda yake yawo gaba da baya. Shi kansa hasken, ido ba ya ganinsa. Sai dai ka ga hayaƙi ya tashi, ka ga haruffa suna fitowa.

Ranar da mota ta kawo injin, ƙarti huɗu ne suka shigar da shi ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, suka tura shi jikin bango. Magidancin ya haɗa komai da hannunsa. Ya ajiye bokitin ruwa da ɗan famfo domin sanyaya bututun gilashin, ya fitar da tiyon hayaƙi ta taga, ya haɗa injin da kwamfuta. Takardar bayanin da ta zo tare da shi kuwa, ya duba shafi uku ya jefa ta cikin durowa.

Abin farko da ya yi shi ne mariƙin makulli mai sunan matarsa. Ya fito tsaf. Ya yi wa mawaƙan mata ƙananan gicciye na ratayawa, ya yi wa maƙwabci lambar gida. Duk ƙananan abubuwa ne, kuma kullum a kusurwa ɗaya yake ajiye katakon, ta sama wajen hagu, inda bakin injin yake fara aiki. Kowane ɗaya ya yi kyau. Sai ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? Shi ma ya bi sahun 'yan'uwansa."

To, mutumin nan yana da mahaifiya a gidansa, tsohuwa wadda za ta cika shekara tamanin. 'Ya'yanta sun shirya yin sujadar godiya dominta, na nesa da na kusa duk za su hallara. Idanunta sun yi rauni ƙwarai, ba ta iya karatu kuma, ko da yake ta koyi boko tun tana amarya, tana kuma alfahari da hakan. Da ta ji labarin injin, sai ta kira ɗanta ta ce, "An ce abin nan naka yana rubutu mai zurfi a katako."

Ya ce, "Haka ne, Mama."

Ta ce, "To, ba na son atamfa, ba na son kujera. Ka rubuta mini sunayen 'ya'yana da jikokina yadda zan ji su da yatsa. Ina so in riƙa bin su ɗaya ɗaya ina yi musu addu'a, gama kaina ya fara mantuwa, ba na so in tsallake kowa."

'Ya'yanta bakwai ne, jikoki ashirin da uku. Suna talatin ke nan.

Yana da wani falanki na maɗaci da ya adana shekaru da yawa. Daga ƙofar ɗakin da mahaifinsa ya sassaƙa da hannunsa a ƙauye ya fito. Gara ta cinye sauran ƙofar, wannan kaɗai ya tsira, ba shi da na biyu a duniya. Ya goge shi, ya auna, ya ga zai cika cikin injin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya jera sunayen a kwamfuta, manya a sama, ƙanana a ƙasa, har zuwa autan jikoki a kusurwar ƙarshe ta dama.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, da ka fara gwadawa a wani katakon mai girman wannan. Ba ka taɓa sa masa babban abu haka ba."

Ya ce, "Abu ashirin na yi da shi, wanne ne ya ɓaci?"

Ya sa falankin, ya rufe murfi, ya danna. Injin ya yi ta kai da kawowa, ƙanshin maɗaci ya cika gida. Da ya gama, mutumin ya ɗaga murfi ya duba. Sunayen sama sun fito baƙi ƙirin, da zurfi. Na tsakiya sun ɗan dushe. Na ƙasa kuwa, musamman wajen dama, sai ka ce an zana su da fensir an goge. Ya tsaya yana kallo, amma ya ce a ransa, ai ana iya karantawa. Ya kakkaɓe falankin ya kai wa mahaifiyarsa.

Tsohuwar ta ɗora shi a cinya. Ta sa yatsa a sama tana bi a hankali, tana kiran sunayen 'ya'yanta tana murmushi. Ta gangaro kan manyan jikoki. "Afiniki. Kefas. Lai'atu." Ta ƙara gangarowa, sai yatsan ya fara komawa baya yana sake lalubawa. Can ta tsaya.

Ta ce, "Ina Damaris? Ina Yunana? Ina tagwayen Zakka?"

Ya ce, "Suna nan, Mama. Ga su nan a ƙasa."

Ta shafa wurin da tafin hannunta duka. Ta ce, "Ni ban ji kowa a nan ba." Ta miƙa masa falankin. "Kada ka bar mini ƙananan a waje, ɗana. Su ne suka fi bukatar addu'ar."

Mutumin ya koma ɗakin aikinsa ya zauna. Falankin ya tsufa, ba shi da kaurin da za a kankare a sake. Fuska ɗaya ta lalace, saura ɗaya. Kwana shida kuma suka rage kafin sujadar.

Amma bai karaya ba. Ya ce, "Ƙarfi ne ya yi masa kaɗan." Ya samo ɓallayen katako masu girman falankin domin gwaji, ya ƙara wa hasken ƙarfi. Sunayen sama suka ƙone har haruffa suka haɗe, na ƙasa suna nan a dushe. Ya ƙara kuma, ya rage saurin tafiyar bakin injin. Sai wuta ta kama katakon daga sama, da kyar ya kashe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Na ƙasa dai ba su sake ba.

Ya ce, "Wutar garin nan ce ba ta da ƙarfi." Ya ta da janareto ya gwada. Babu bambanci.

Sai ya juya kan madubi na uku, domin shi ne a kusa, da ka ɗaga murfi hannunka zai kai gare shi. Yana da ƙananan kusoshi uku na juyawa. Ya juya wannan, sai gefen dama ya gyaru, na hagu ya ɓace. Ya juya wancan, sai tsakiya ta fito, kusurwoyi suka tafi. Kwana uku yana wannan fama. Katakon gwaji ya taru a bakin ƙofa, kowanne da irin ƙunarsa. Ya fara cewa waɗanda suka sayar masa da injin sun cuce shi. Matarsa ta kawo abinci, ya ce ta ajiye. Ta yi magana, ya ɗaga mata murya, abin da ba halinsa ba ne.

A tsallaken hanya akwai wani tsoho, dattijon ikkilisiya, wanda a ƙuruciyarsa shi ne yake yawo ƙauye ƙauye yana haska majigi. Da safiyar rana ta huɗu matar ta je ta gaishe shi, ta faɗa masa abin da ake ciki. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya biyo ta. Ya yi sallama, ya zauna a kan benci, ya ɗauki katakon gwajin ɗaya bayan ɗaya yana dubawa.

Magidancin ya ce, "Baba, wannan ba irin injinan zamaninku ba ne."

Tsohon ya ce, "Gaskiyarka, ban san shi ba. Amma na yi shekara ashirin ina aiki da haske, na ɗan san halinsa. Daga ina yake fitowa?"

"Daga baya."

"Ka duba bayan?"

"Bayan yana jikin bango, Baba, tun ranar da aka kawo shi. Kuma ba can matsalar take ba. Ga inda rubutun yake lalacewa, nan gaba."

Tsohon ya ce, "Nan yake nunawa. Ka jawo shi mu gani."

Mutumin bai so ba. Jawo injin yana nufin ya kwance tiyon hayaƙi, ya kwashe bokitin ruwa, ya ware duk abin da ya haɗa yana alfahari da shi. Yana kuma nufin ya fita ya kira maƙwabta su taya shi, su ga shi da kowa ke kira gyara yau shi ne abu ya gagara. Sai ya ji muryar mahaifiyarsa daga tsakar gida tana tambayar matarsa ko an gama. Ya fita ya kira maƙwabta biyu.

Suka jawo injin tsakiyar ɗaki. Magidancin ya kashe wuta, ya kwance marfin baya. Ga bututun gilashin a kwance lafiya lau, ruwa a cikinsa garau. A ƙarshensa kuma ga madubi na farko, ɗan ƙarami, bai fi maɓallin kwat ba. Hayaƙi ya ɗan dusashe fuskarsa. Da ya taɓa shi, sai ya ji yana motsi. Ashe kusa ɗaya ta saki tun a hanya, saboda girgizar mota.

Ya goge madubin da auduga. Tsohon ya ce ya ɗauko takardar bayanin nan, ya karanta musu abin da ta ce a kan madubai. Magidancin ya ɗauko ta daga durowa, ya karanta da ƙarfi, suka bi abin da ta faɗa. Ya manna salatif na takarda a gaban madubi na biyu. Ya matso da madubin kusa, ya rufe murfi, ya danna sau ɗaya, hasken ya bar ɗigon ƙuna a takardar. Ya tura madubin can nesa, ya sake dannawa. Ya buɗe ya duba. Da komai daidai yake, ɗigo ɗaya zai gani, na biyu a kan na farko. Sai ga ɗigo biyu, tsakaninsu bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Wannan ɗan abin ne zai hana ni sakat kwana uku?"

Tsohon ya ce, "A nan ƙwayar shinkafa ce. Bi shi gaba."

Ya manna takardar a gaban madubi na uku, ya tura bakin injin zuwa kusurwar ƙarshe, inda sunan autan jikoki yake, ya danna. Da ya buɗe, sai ya ga ƙunar ba ta ko kusa da tsakiya. Hasken yana bugun gefen ƙarfe, kaɗan ne kawai yake samun shiga. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

Tsohon ya ce, "Hasken bai taɓa raguwa ba, ɗana. Karkacewa ya yi tun daga tushe. Na kusa suna samu. Na nesa ne ba ya kai musu."

Daga hantsi har la'asar suna aiki. Magidancin ya ɗaure madubi na farko, yana juya kusa kaɗan kaɗan, yana gwadawa, har ɗigo biyu suka zama ɗaya. Sa'an nan ya koma na biyu. Da ya iso na uku, dole ya warware duk juye-juyen da ya yi kwana uku yana yi, gama ko ɗaya ba shi da amfani. Ya mai da ƙarfin hasken inda yake tun farko. Ya sa katakon gwaji, ya rubuta harafi ɗaya a kowace kusurwa. Duka huɗun suka fito da zurfi ɗaya.

Kafin ya sa falankin maɗacin, ya je ya sami matarsa a kicin ya ce, "Ki yafe mini. Kin faɗa mini gaskiya, na ƙi ji, na kuma yi miki tsawa." Ta ce komai ya wuce. Suka dawo tare, tsohon ya yi gajeriyar addu'a, mutumin ya kife falankin ya rufe murfi.

Ranar sujadar, bayan an taso, iyali suka cika tsakar gida. Aka ɗora wa tsohuwar falankin a cinya. Ta sa yatsa ta fara daga sama. Duk wanda ta kira sunansa sai ya amsa, ta sa masa albarka. Ta wuce 'ya'ya, ta wuce manyan jikoki, yatsan bai tsaya ba. "Damaris." Yarinyar ta amsa. "Yunana." Ya amsa. Ta kira tagwayen Zakka, uwarsu ta amsa musu domin suna goye. Har ta kai suna na talatin. Sai ta juya falankin, ta shafa fuskar da ta lalace. Ɗanta ya ce zai rufe wannan da ƙyalle. Ta ce, "A'a, bar shi. Gaban nawa ne, bayan naka ne. Ka riƙa zuwa kana dubawa."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwana. Hasken nan alherin Allah ne da Maganarsa. Ido ba ya ganinsa, amma inda ya sauka yana barin alama, kuma ba ya raguwa. In ka ga bai kai inda ya kamata ya kai ba, kada ka ce Ubangiji ne ya rage hannu.

Madubi na uku shi ne rayuwarka da mutane suke gani, wato yadda kake gaisuwa, da yadda kake waƙa, da irin rigar da kake sawa ranar Lahadi. Shi ne mafi sauƙin taɓawa, shi ya sa muke yini a kansa muna juyawa. Na biyu shi ne gidanka. Na farko kuwa zuciyarka ce, inda kake tsayawa kai kaɗai a gaban Allah. Da yawa daga cikinmu mun tura wannan jikin bango tun ranar da aka yi mana baftisma, ba mu sake leƙawa ba, domin komai yana tafiya daidai a ganinmu. Akwai ɗan fushin da ka riƙe wa ɗan'uwanka shekara biyar. Akwai 'yar ƙaryar da ta zame maka jiki. Akwai addu'ar da ka daina yi sai in an kira ka a gaban jama'a. In aka nuna maka, za ka yi dariya ka ce ɗan wannan abin? Matarka ta saba da kai, abokanka sun san alherinka na dā, su suna iya jurewa. Amma ɗan da aka haifa jiya bai san tarihinka ba, abin da ya iso gare shi kawai ya sani. Haka ma maƙwabcin da bai taɓa shiga majami'a ba.

Sa'ad da muka ga ƙananan ba sa karɓa, me muke yi? Mukan ƙara ƙarfi. Mu ƙara faɗa, mu ƙara bulala, mu tsawaita wa'azi, mu ƙara wa lasifika murya. Sai na kusa su ƙone, na nesa kuwa suna nan yadda suke. Daga nan mu ɗora laifi a kan zamani, ko makaranta, ko waya.

Ni da nake muku wannan magana, ba daga sama nake yi ba. Wata Lahadi mun dawo daga sujada, na shiga gida ina faɗa a kan takalman da aka bari a bakin ƙofa. 'Yata ta ƙarshe, tana da shekara tara a lokacin, ta dube ni ta ce, "Baba, muryar da kake addu'a da ita a majami'a, a can kake barinta?" Na so in tsawata mata, amma na san gaskiya ta faɗa. Sai da na nemi wani dattijo na zauna a gabansa na faɗi abubuwan da ban taɓa faɗa wa kowa ba, na kuma je har garin wani mutum na roƙe shi gafara, kafin gidana ya fara sakewa. Abin ya yi mini nauyi ƙwarai. Amma ina shaida muku, Allah bai ƙi ni ba, ba kuwa zai ƙi ku ba.

Saboda haka, a makon nan, kafin ka kira ɗanka ka yi masa faɗa, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka roƙi Ubangiji ya nuna maka abin da ya karkace a cikinka. In ya fi ƙarfinka, ka kira ɗan'uwa mai tsoron Allah ya taya ka, kada kunya ta hana ka. In akwai wanda ka san ya kamata ka nemi gafararsa, to, ka san sunansa tun ina cikin magana. Kada ka jira Lahadi mai zuwa. Daga nan ka wuce gidansa.